Kunyar da Ta Ƙi Rabuwa

In kana neman mutumin da bakinsa ya fi ƙarfin kansa, kada ka wahalar da mai mashin, ka sauka a Zuru ka ce a nuna maka Kofur Dawuda. Ya daɗe a soja, wannan gaskiya ne, amma tukunya ya yi wa aiki. Garin nan cike yake da tsofaffin sojoji da suka ci tuwon hannunsa a bariki, har gobe suna tuna gudajinsa. Shi kuwa in ya zauna a teburin mai shayi ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, sai ka rantse shi ya riƙe sashen lambobin sirri na rundunar gaba ɗaya.

"Mu da lissafi muka yi yaƙi," in ji shi. "Harsashi ai na yara ne."

Da ya ajiye kaki sai ya samu gadin wata makarantar sakandare, kuma da ya zauna lafiya in ba don gona ba. Mahaifinsu ya rasu ya bar musu gona mai girman gaske a gangaren dutse, ta hanyar Sakaba, irin mai gajerun kunyoyin nan da ake yi don kada ruwa ya kwashe ƙasa. Dawuda ne babba, kuma shi kaɗai ya daɗe yana nome ta yana cika rumbu, tunda ƙannensa biyu ba sa gida. To ga Gabriel ya yi ritaya ya dawo da iyali, ga Godswill ya gaji da aron gona a Dirin Daji. Baba Dodo, ƙanen mahaifinsu, ya ce kafin a yi shuka za a taru wata Asabar a raba gonar gida uku. Tun daga ranar Dawuda ya daina jin daɗin shayi.

Wata rana yana gyangyaɗi a gindin tagar ajin Malama Hafsat, mai koyar da lissafi, sai ya ji tana cewa, "Akwai lambobin da ba sa rabuwa. Ka ce za ka raba su biyu, su ƙi. Uku, su ƙi. Ba abin da ke raba su sai ɗaya, sai kuma su kansu. Bakwai, sha ɗaya, sha uku. A Turance firam ake ce musu, kuma ba su da iyaka. Manyan cikinsu da su bankuna ke kulle sirrinsu."

Barci ya wartsake. Sauran bayanin bai ji shi ba, don daidai nan wata akuya ta faɗo ta ƙofa ya bi ta da sanda. Amma shi a ganinsa ya ji abin da ya ishe shi.

Da yamma ya iso gida yana tafiyar fareti. Matarsa Gladys tana gyaran wake, don ƙosai take soyawa kullum da safe a bakin hanya.

"Maman Sandra, gona ta tsira."

"Ƙannenka sun yafe ne?"

"Lissafi ya hana. In yawan kunyoyin gonar nan ya faɗa kan lambar da ba ta rabuwa, wa ya isa ya raba ta? Ko gwamna ya zo sai dai ya gaishe ta ya wuce. Ni na raɗa mata suna ma, gagara-raba."

Gladys ta dube shi sama da ƙasa. "Baban Sandra, kai da ko yaran gidan nan in ka ƙirga sai ka manta ɗaya?"

"Ke dai ki zuba ido."

"Na zuba. Allah ya sa kada in kwashe da hawaye."

Mai hankali da ya yi shiru da bakinsa. Kofur kuwa kafin gari ya waye sau biyu, babu wanda bai ji ba, daga masu mashin na tasha har matan da ke sayar da itace. A teburin mai shayi ya miƙe tsaye yana bayani da cokali a hannu. Ya ce lambobin nan dangi-dangi ne, akwai sarakuna akwai bayi, kuma a soja shi da kansa ya taɓa kama wata da hannu, tsawonta daga nan har Kwantagora.

Maharazu, wanda gonarsa ke iyaka da tasu, ya kurɓi shayi ya ce, "Kofur, wagga lamba taka, ciyawa taka ci ko dussa?"

Aka fashe da dariya. Dawuda ya ce, "Yi dariyarka. Jahilci ai ba ya ciwo, da tuni an kwantar da kai asibiti."

Aiki na farko shi ne ƙirga kunyoyin bara, waɗanda har yanzu suke tsaye. Ya ɗebi waken Gladys ba da saninta ba, ya rataya jaka, kowace kunya ya taka sai ya jefa ƙwaya ɗaya a ciki. Ya yi ta hawa yana sauka a gangaren nan, rana na dukansa, har ƙeyarsa ta saɓule. Ranar da ya gama ya dawo ya ajiye jakar a madafa, ya ce gobe zai zauna ya ƙirga a tsanake.

Da safe aka kawo masa ƙosai da koko. Ya ci, ya suɗe hannu, ya ce, "Maman Sandra, yau kin yi abin kirki. Wannan wake daga ina?"

"Na cikin jakar nan da ka kawo. Na ce yau Allah ya taɓa zuciyar mijina."

Dawuda ya daskare da loma a baki. "Kin niƙa lissafin?"

"Na niƙa, na soya, na sayar. Saura uku ga su nan a gabanka."

Ya fita waje da gudu ba takalmi. Masu mashin na tsaye a bakin hanya suna lasar yatsa. Da suka ji abin da ya faru, wani ya dafa cikinsa ya ce, "Kofur, kwantar da hankalinka, kunya hamsin tana nan wurina."

Ya koma gona ya sake daga farko, wannan karon da tsakuwa. Duk kunya ɗari sai ya jefa dutse ɗaya a aljihun wando. Dabarar ba laifi, sai dai Kofur ba ya yin abu kaɗan, duwatsun da ya zaɓa duk kamar ƙwan zabo. Yana kan tudu na ƙarshe, ya ɗaga hannu biyu sama yana kiran adadi da ƙarfi don duniya ta ji, mazagi ya ce ga garinku nan. Wando ya sauka har idon sawu da ƙarar duwatsu, kuma daidai lokacin matan Sakaba ke wucewa da kaya a kafaɗa za su kasuwa.

"Sannu da aiki, soja!" in ji wata tsohuwa. "Wannan faretin wace runduna ce?"

Ya ja wando da hannu ɗaya, ya sara mata da ɗayan, don ko a cikin masifa ba ya yarda a ce ya rikice. Adadin dai ya riƙe shi a ka: dubu goma da takwas.

Washegari ya tare Malama Hafsat a bakin ƙofar makaranta.

"Malama, zan gwada ki in ga ko takardarki ta gaske ce. Dubu goma da takwas, tana rabuwa?"

"Sosai ma, Baba. Ta rabu biyu, ta rabu huɗu. In ka raba ta uku kuwa, kowa ya sami dubu uku da ɗari uku da talatin da shida cif."

"Uku?" Muryarsa ta koma ta ɗan tsako.

"Uku. Amma ka taɓo wuri mai daɗi." Ta ciro waya ta duba. "Ka ga ta gabanta da ta bayanta, dubu goma da bakwai, da dubu goma da tara, duk biyun ba sa rabuwa. Irin waɗannan tagwaye ake ce musu, don lamba ɗaya tak ce a tsakaninsu. Sai dai ka san in an ce ba ta rabuwa, ana nufin..."

"Malama, kin ci jarrabawa, wuce aji. Abin da za ki faɗa tun ba a haife ki ba nake koyar da shi."

Ta yi murmushi ta wuce. Shi kuma ya tsaya yana shafa haɓa. Tagwaye! Wato ko ya ƙara kunya ɗaya, ko ya rage ɗaya. Kuma wanda ya san Dawuda ya san ba zai taɓa zaɓar ragi ba in akwai ƙari.

Ya saɓi galma ya nufi gona. Gonar kuwa ta cika maƙil, ba inda za a sa sabuwar kunya sai an tsallaka iyaka. Ya waiga gabas, ya waiga yamma, ya tsallaka cikin gonar Maharazu ya fara huɗa. Ya kusa gamawa ke nan ya ji tari a bayansa.

"Kofur, mi kaka yi cikin gonata?"

"Ba gonarka na shigo ba, lissafi ne ya tsallako. Kunya ɗaya kawai nake so in cika tagwaye."

"Tagwaye? Wa ya haihu?"

"Lamba."

Maharazu ya yi masa irin kallon da ake yi wa wanda rana ta taɓa. Sannan ya ce, "To ka gaya ma uwar tagwayen ta tahi ta yi jego gonar ubanta."

Ya sa ƙafa ya fara baje kunyar. Dawuda ya ce ba a isa ba, ya kwanta a kanta rub da ciki ya rungume ta. Maharazu ya ci gaba da tura ƙasa, har sai da ya rufe Kofur zuwa ƙugu kamar za a dasa rogo. Masu wucewa suka tsaya. Wani ya tambaya ko a kawo ruwa a ba shi, ko zai tsiro.

Da ƙyar ya zare jiki ya koma gida. Gladys ta gan shi ta riƙe baki.

"Yau kuma kabari ka gwada?"

"Dabarar yaƙi ce. In gaba ta toshe, soja ya bi ta baya."

Ta baya ita ce ragi. Ya je ya baje kunya ɗaya daga tasu, zuciyarsa na ƙuna kamar an cire masa haƙori, aka koma dubu goma da bakwai. Ya bi gari yana shela cewa an gama, gona ta shiga kulle irin na banki. Har gidan Gabriel ya je ya tsaya a ƙofa ya ce, "Ƙanena, in kana da wata dabara ka nemi gona tun wuri. Ina tausayinka ne."

Gabriel ya ce, "Yaya, mu dai abin da Baba ya bari muke so a ba kowa nasa. Yarana shida."

"Ka gaya wa lissafi, ba ni ba."

Ana gobe rabo aka yi ruwan farko, mai ƙarfi. Da sassafe Kofur ya saka tsohon kakinsa da Gladys ta goge, ya maƙala lambobin yabo har da wata da ya saya a kasuwa, ya riga kowa zuwa gona. Me zai gani? Ruwa ya yanko daga dutse ya tsaga wata kunya gida biyu. Ɗaya ta zama biyu. An koma dubu goma da takwas, mai rabuwa uku cif.

"Wayyo ni Dawuda!"

Ba galma a hannu, ga muryoyin mutane suna tahowa. Ya durƙusa cikin taɓo ya dinga kwasowa da hannu yana cusawa a tsagar, yana liƙewa, yana lallashi kamar mai ɗinke ɓarakar aure. Ya gama ke nan jama'a suka iso, suka same shi caɓa-caɓa, lambobin yabo na ɗigar laka.

Ba ƙaramin taro aka yi ba, don Kofur da bakinsa ya gayyaci rabin gari su zo su ga yadda ilimi ke aiki. Baba Dodo ya zauna kan dutse da sandarsa. Tsoho ne ba mai yawan magana ba, kuma kunnensa ɗaya ba ya ji sosai.

Dawuda ya yi gyaran murya ya fara. Ya ce gonar nan kunya dubu goma da bakwai ce. Ya ce lambar nan ba ta ƙare da biyu ba, ba ta ƙare da biyar ba, ba ta ƙare da sifili ba, saboda haka ba ta da ƙofa. Ya ce 'yar tagwaye ce, kuma da irinta Turawa ke kulle banki. Ya ce biyu ta gwada ta karye, uku ta gwada ta gudu, bakwai ta zo ta sara mata ta koma.

Baba Dodo ya kara hannu a kunne. "Me yake cewa?"

"Wai gonar ba ta rabuwa, Baba," in ji Godswill.

"Wa ya hana ta?"

"Lissafi!" Dawuda ya daka tsawa. Ganin idanu sun yi masa yawa, sai kan ya ƙara kumbura. Ya fizgi tsohuwar galmar mahaifinsu daga hannun Gabriel ya ɗaga ta sama. "Ga galmar Baba a hannuna, ga jama'a shaida. Ni na fita daga rabon nan. Su biyu su raba in sun isa. Duk abin da ya rabu nasu ne, na yafe har abada. Abin da ya ƙi rabuwa kuwa, shi ne nawa, kada wanda ya ƙara yi mini maganarsa!"

Gladys ta kutso ta ja masa riga. "Baban Sandra, ka mayar da maganar nan. Don Allah ka mayar."

"Mata ku koma baya, ana maganar ilimi."

Baba Dodo ya ce, "Ɗana, kunnena ba shi da kyau. Sake faɗa."

Ya sake faɗa, da ƙarfi fiye da na farko.

"Jama'a kun ji?"

"Mun ji!"

"To magana zarar bunu ce," in ji tsohon. "Gabriel, tafi can gabas. Godswill, tafi yamma. Kowa ya ɗauki ɗaya, ɗan'uwansa ya ɗauki ɗaya, ku yi ta tahowa har ku haɗu."

Jama'a suka rabu biyu suna taya su, ana kira ana amsawa daga wannan tudu zuwa wancan. Dawuda ya hau kan dutse ya harɗe hannu yana murmushi. Jira yake ya ga inda abin zai cije, ko ƙafafunsu su riƙe, ko gonar ta yi wata girgiza. Can ya ce wa Maharazu, "Yanzu za ka ga aiki."

"Ina kallo, Kofur. Ga alama dai tana rabuwa kamar ƙosai."

"Somin taɓi ne."

Rana ta take, ta karkata. Gonar tana ta shigewa hannun ƙannensa, shi kuma murmushin yana raguwa kaɗan-kaɗan, amma bai sauke hannu ba. Daga ƙarshe Gabriel da Godswill suka haɗu a tsakiya, kowa da dubu biyar da uku. A tsakaninsu ga wata 'yar guntuwar kunya a gindin suri, tsawonta bai fi a shimfiɗa tabarma ba. Gabriel ya dubi Godswill, Godswill ya dubi Gabriel.

"Baba, saura ɗaya," in ji Gabriel. "In na ɗauka na fi shi, in ya ɗauka ya fi ni."

Dawuda ya diro daga kan dutse yana ihu. "Kun gani! Kun gani! Ta ƙi! Na gaya muku ba ta rabuwa! Ina masu dariya? Maharazu, ina bakinka?" Ya shiga taka rawa cikin taɓo, yana fareti yana sara wa kansa, lambobin yabo na kaɗawa.

Sai da ya yi zagaye biyu sannan ya lura shi kaɗai ke murna.

Baba Dodo ya taso a hankali, ya dogara sanda har gindin surin, ya nuna 'yar kunyar. "Gaskiyarka, ɗana. Lissafinka bai yi ƙarya ba. Ga wadda ta ƙi rabuwa. Taka ce, Allah ya sa albarka."

Ƙafar Dawuda ɗaya tana sama, a nan ta tsaya. "A'a, Baba, ba haka ake nufi ba. Gonar duka..."

"Duka ta rabu, muna kallo. Ko ba da bakinka ka faɗa ba, da galmar ubanka a hannu?"

Ya juya wajen Gabriel. Gabriel ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, kai ka ce in gaya wa lissafi." Ya juya wajen Godswill, shi kuma ya ce in Yaya na son aron wuri bana, ya zo gida su yi magana, ba za a hana shi ba.

Sai dariya ta ɓarke, irin wadda har masu kiwo a ƙasan dutse sai da suka ɗago kai. Maharazu ya riƙe ciki yana share hawaye. "Kofur, in za ka yi gayya ka kira ni. Ni da kai mu gama ta kahin shayi ya huce."

Mutane suka watse suna maimaita labarin tun kafin su kai hanya. Dawuda ya zauna daɓas a kan rabonsa na gado, kuma da ya zauna sai ya rufe kusan rabinsa. Gladys ce kaɗai ta rage. Ta daɗe tana kallonsa, ranta a ɓace, don ita ta san rumbun da zai kwana wayam bana nata ne.

"Tashi mu tafi gida, Baban Sandra. Ɗauko kunyarka."

Ya dubi ƙasar da yake zaune a kai. "Yaya za a yi in ɗauki kunya?"

"Ba ta ƙasa ba, ɗayar. Kuma kada ka ce in kama maka, ita ma ba ta rabuwa."